Yatsa a Jikin Tubali

Don tsaga guda aka kira ni Ebute Meta,
tsagar da ta sauko daga goshin taga
kamar jijiya a bayan hannun tsoho.
Na zo da guduma, da igiyar awo, da cokalin gini.
Mama Omolabake ta zo da mabuɗi
wanda ya fi tafin hannunta tsawo,
ta juya shi sau biyu, ƙofar ta yi tari,
sanyin shekara ɗari da ɗoriya ya fito ya gaishe ni.

Ba zinariya a ciki, ba sassaƙen kowa.
Farin bango, benci ashirin da huɗu,
katakon loko da zama ya goge har yana ƙyalli,
mumbari a tsakiya, mataki bakwai,
na huɗun ya lotsa
inda masu wa'azi ke tsayawa su haɗiye tsoro.
Sama da shi an rubuta aya da Yarabanci.
Ban iya karanta ta ba,
amma na ga mai rubutun ya riƙe numfashinsa.

Na ɗaga kai.
Ashe bakan gizo ne, irin na ubana,
sai dai nasu ya haɗe da tsini
kamar hannuwa biyu masu roƙo.
Ubana ya ɗaura nasa da azara a Zariya,
su kuwa da jan tubali suka ɗaura.
Nauyi bai san yare ba:
duk inda ka aza shi, ƙasa yake nema.

Na hau tsani na ƙwanƙwasa.
Bango ya amsa da muryar ƙwarya.
Wani mai gaggawa, shekaru arba'in baya,
ya toshe masa hanci da siminti,
danshin teku ya shiga ya rasa mafita,
gishiri ya zauna yana cin tubali kamar gara.
Na ce, Mama, ginin nan ba tsufa ke damunsa ba,
numfashi aka hana shi.
Ta yi dariya: haka likita ya ce da ni.

Kakanta, in ji ta, yana yaro ya yi dakon yashi nan,
mata suka ƙona ɓawon kawa a bakin ruwa
har ya zama farar ƙasa.
Ƙararrawar ta tsage tun kafin a haife ta,
tana dai kira, da dasasshiyar murya,
tsakanin hon ɗin danfo da kukan jirgin ƙasa.
Sau uku masu jaka suka zo da takarda,
suna son filin, bene goma za su dasa.
Sau uku ta ba su ruwa, ta raka su ƙofa.

Da azahar na sauko.
Na tarar da buta cike a gindin mangwaro,
da kwali shimfiɗe, an juya shi gabas.
Ba wanda ya ce komai.

Rana ta tara, can ƙarƙashin kwano,
inda ido ba ya kaiwa sai na jemage,
na ɓamɓare shafe, sai ga tubali
ɗauke da shatar babban yatsa.
Wani ya danna shi tun yana ɗanye,
ko don gwaji, ko don wasa, ko gajiya ce.
Sunansa ba ya kan allon tagulla na bakin ƙofa.
Na sa nawa yatsan a ciki.
Ya ɗan yi mini yawa.

Na kwaɓa farar ƙasa yadda ake yi da,
na rufe tsagar a hankali, kwana uku tana shan iska.
Ran Lahadi ina haɗa kayana a waje
waƙarsu ta taso ta daki bangon, bai girgiza ba.

Ban faɗa wa Mama ba:
kafin shafen ya bushe, kusa da na mutumin,
ni Tanimu ɗan Gambo magini
na bar nawa.